Daga Samaru zuwa Barade: Zauren da Zai Nuna wa Taraba Dazuzzukanta

Kirarin da aka buga a jikin lambar motocin Jihar Taraba yana cewa jihar baiwa ce da aka yi wa Najeriya ta fuskar albarkatun ƙasa, kuma babu ƙari a cikin maganar. A nan dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda babu tudun da ya kamo shi a faɗin ƙasar nan. A nan mafi yawan gandun dajin Gashaka-Gumti ya kwanta, fili ne da ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya fi kowane gandun daji na tarayya girma. Ga tsaunin Mambila da hazonsa da gonakin shayin Kakara, ga Binuwai da Donga, ga kogin Taraba wanda jihar ta ci sunansa ranar da aka yanke ta daga tsohuwar Gongola, 27 ga Agusta, 1991. Ita kanta Jalingo a gindin duwatsun Shebshi take zaune. Wanda ya fito ƙofar gida a unguwar Barade ko Sintali ko Majidaɗi da sassafe, in ya ɗaga kai duwatsu zai hango, kore shar da damina, launin toka da hunturu.

To amma a leƙa ajin firamare ranar darasin zane. Sau da yawa abin da ke kan allo shi ne tuffa, ko gida mai bututun hayaƙi a saman rufi, irin waɗanda malami ya kwafo daga littafi, yara kuma su kwafa daga malami. Yaron da ya taso yana tsintar 'ya'yan giginya, ya san ƙamshin kalwa tun ana dafa ta, ya san yadda kogin Lamurde ke cika ya yi ja bayan ruwan farko, ba a taɓa ce masa waɗannan ma abin zanawa ba ne. Da haka yake girma da tunanin cewa zane wani abu ne na wata ƙasa, kuma kyan da ya cancanci a rataya shi a bango can nesa yake.

Akwai hanyar gyara wannan wadda ba ta bukatar dukiya mai yawa, an kuma gwada ta a Arewacin nan shekaru da dama: makarantar gaba da sakandare ta ware zaure guda, ta riƙa baje ayyukan malamanta da ɗalibanta da masu sana'ar hannu na yankin, ta buɗe ƙofa ga jama'ar gari. Wanda yake son ya ga inda wannan ya yi jijiya, sai ya yi tafiyar yini cur a mota daga Jalingo zuwa Samarun Zariya.

Samaru, inda aka fara

A shekarar 1955 aka ɗauko sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya daga Ibadan aka kawo shi Zariya. Mafi yawan malaman Turawan Ingila ne, tsarin karatun ma na makarantun Ingila ne. A cikin malaman akwai Clara Ugbodaga-Ngu, 'yar ƙasa ta farko da ta koyar a sashen. Ɗaliban sun koyi auna jikin mutum, da sarrafa haske da inuwa, da yadda ake sa abu na nesa ya yi nisa a kan takarda. Ilimi ne mai amfani, babu mai musun haka. Abin da ya dame su shi ne duk wannan ilimin ba ya waiwayar ƙasar da suke tsaye a kanta.

A 1958 wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Akwai Uche Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke, da Oseloka Osadebe da wasunsu. Daga baya aka riƙa kiransu 'yan tawayen Zariya, ko da yake tawayen nasu na alƙalami da burushi ne. Matsayar da suka ɗauka, wadda Uche Okeke ya rubuta a 1960, shekarar samun 'yancin kai, ita ce a karɓi dabarun Turai, a ɗora su a kan gadon gida. Kowane ɗalibi ya koma garinsu lokacin hutu ya binciko abin da iyayensa ke yi. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, wanda launinsa daga 'ya'yan wani tsiro ake samu, siffofinsa kuma na mesa ne da wata da goro. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo na kunkuru da damisa, ya kuma ƙaru da adon bangon gidajen birnin Zazzau da yake gani kullum. Ƙungiyar ta watse a 1961, amma tunaninta ya bi mambobinta zuwa Nsukka da Yaba da Ibadan. A Kwalejin Fasaha ta Yaba da ke Legas yau akwai zauren baje koli mai ɗauke da sunan Yusuf Grillo, wanda ya rasu a 2021.

Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sashen ya zama nata. Yau yana ƙarƙashin tsangayar tsara muhalli, tare da masu koyon zanen gine-gine da tsara birane, yana da zauren baje kolinsa, yana kuma da wani lambu da ayyukan sassaƙa da ƙira na ɗaliban da suka wuce ke tsaye a ƙarƙashin itatuwa, rana da ruwan sama suna aiki a jikinsu shekara da shekaru. Ɗalibin ajin ƙarshe ba ya fita sai ya baje aikinsa an gani. Kafin ya kai nan kuwa ya sha fita da allonsa zuwa bakin kogin Kubanni ko gindin dutsen Kufena, ya zauna ya kalli abu ɗaya har sai idonsa ya daina yi masa ƙarya. Wannan zaman kallo shi ne ginshiƙin sana'ar. Mutum zai rantse ya san kuka, amma ranar da aka ce ya zana ta zai gane bai taɓa lura da yadda rassanta ke fita daga jikinta ba.

Mutum biyu daga malaman sashen sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko Gani Odutokun, wanda aka haifa a Gana a 1946, ya yi karatu a Zariya ya kuma koyar a can har ya rasu a haɗarin mota a 1995. An san shi da tsinka fenti ya zuba a kan ƙyalle, ya bar shi ya gangara ya nemi hanyarsa, shi kuma yana juya ƙyallen yana bi da shi. Na biyu Farfesa Jerry Buhari, haifaffen Akwaya ta ƙasar Kachia a 1959, wanda ya yi rayuwarsa ta aiki a wannan sashe. Shi ne a ganina ya fi kusa da abin da Taraba ke bukata. Ya daɗe yana zana fure da ganye da ƙasa, wani lokaci a 'yar takarda da fentin ruwa, wani lokaci a babban ƙyalle, kuma tun shekarun 1990 damuwarsa da lalacewar muhalli ta fito fili a aikinsa: fili da aka cinye aka bari, ruwa da ya gurɓace, launi mai kyau da wani baƙi ke malalowa ya rufe. A 2022 zauren kó da ke Legas ya tattara ayyukansa na shekaru masu yawa ya nuna. Ba ya yi wa mai kallo lacca. Yana jawo shi da kyan launi, sai ya matso kusa sannan ya ga ɓarnar da ke ciki.

Zauren makaranta daban yake da na 'yan kasuwa. A Legas ko Abuja mai zaure haya yake biya, dole ya rataya abin da attajiri zai saya ya kai falonsa, attajiri kuwa ba kasafai yake son hoton kututture ko kwazazzabo a saman kujerarsa ba. Makaranta ba ta da wannan takura. Tana iya nuna aikin ɗalibin da hannunsa bai gama faɗawa ba, tana iya nuna abin da ba zai sayu ba, tana iya gayyatar malamin ilimin tsirrai ya tsaya kusa da zanen ya faɗi sunan itacen da amfaninsa. Kuma ɗan sakandaren da ba zai taɓa shiga zauren 'yan kasuwa ba yana iya shiga nan da kayan makarantarsa, babu mai hararar takalminsa.

Gadon kwarin Binuwai

Kada wani ya ɗauka cewa koyi da daji a aikin hannu baƙon abu ne da za a kawo wa Taraba daga Zariya. Tun kafin a san kwaleji, masassaƙan kwarin Binuwai daga daji suke ɗauko siffofinsu. Fuskokin katako da Chamba da Mumuye ke sawa a bukukuwansu na gargajiya ƙahonin ɓauna ne a kansu da wawakeken baki. Na Mambila akwai masu kama da kare, akwai masu kama da tsuntsu. Sassaƙen mutum-mutumi na Mumuyen Zing da Yorro, masu dogayen hannaye da ke kewaye gangar jiki, sun shiga cikin ayyukan Afirka da masana zane na duniya suka fi yabawa tun da suka fara fita waje a ƙarshen shekarun 1960. Fitar tasu ba ta da daɗin ji: lokacin yaƙin basasa ne da bayansa, dillalai suka riƙa kwashe su, da yawa ta kan iyakar Kamaru, zuwa kasuwannin Turai.

A 2011 gidan adana kayan tarihi na Fowler, mallakar Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a Amurka, ya shirya babban baje koli na ayyukan kwarin Binuwai, kusan guda 150, na Jukun da Mumuye da Chamba da Wurkun da maƙwabtansu. Tushen aikin binciken da wani malamin jami'ar, Arnold Rubin, ya yi ne a wannan yanki tun shekarun 1960. Daga can aka kai kayan Washington, aka kai Jami'ar Stanford, aka ƙare a Faris. Wato ɗalibin jami'a a Kalifoniya ya tsaya gaban aikin masassaƙin ƙasar Zing ya yi rubutu a kansa, alhali jikokin masassaƙin da ke karatu a Jalingo ba su samu wannan damar ba. Wannan abu yana yi mini ciwo. Dawo da kayan da suka fita doguwar shari'a ce ta gwamnatoci. Amma hana na yau bin sawun na jiya, wannan yana hannunmu.

Akwai kuma misalin Ladi Kwali, Bagwariyar da hotonta ke bayan takardar naira 20. Tukwanenta cike suke da ƙadangaru da kunamu da kifaye da macizai da tsuntsaye, waɗanda take tsagawa a jikin yumɓu tun yana ɗanye. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa, ita da ba ta yi karatun boko ba. Jami'a ce ta miƙe ta girmama maginiyar tukwane. Matan Fulanin Muri da Adamawa masu ƙona ado a jikin ƙwarya da wuƙa mai zafi, da masu saƙar faifai da tabarma, da maginan tukwanen ƙauyukan da ke kewaye da Jalingo, duk irin wannan matsayi ya dace da gwanayen cikinsu.

Tambayar da iyaye ke yi

A unguwa irin Barade, yaron da ya ce zai karanci zane zai gamu da tambaya biyu a gida. Ta farko, me za ka ci da shi? Ta biyu, ya halatta? Ta biyun ba abin wasa ba ce, kuma bai kamata malamin zane ya ɗaga wa mai yin ta hanci ba. Malaman Musulunci sun yi magana mai tsawo a kan sura abu mai rai. Amma Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani mai sana'ar zane da ya je neman fatawa wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara masa yarda. Ya tsoratar da shi game da zana masu rai, sannan ya nuna masa cewa in ba makawa sai ya yi sana'ar, to ga itatuwa nan da duk abin da ba shi da rai. Ke nan dutse da kogi da gajimare da gona da fure fili ne buɗaɗɗe, wanda ɗalibi Musulmi zai shiga hankalinsa kwance, mahaifinsa ma ya zo kallo ba tare da ƙyashi ba.

Taraba jiha ce ta Musulmi da Kirista da masu bin gargajiya, mai harsuna da yawa ƙwarai, ta kuma sha ɗacin rigingimun gona da kiwo. Ban ce zane zai sasanta manomi da makiyayi ba. Abin da na sani shi ne su biyun suna iya tsayawa gaban hoton fadama guda, kowannensu ya gane ta, kowannensu ya faɗi abin da ta kasance a da.

Tambayar farko kuwa, ta abinci, wani ɓangaren amsarta yana cikin kayan aikin. Fentin kanti da ƙyallen zane daga waje ake shigo da mafi yawansu, tsadarsu na korar ɗalibai da dama. Alhali ƙasar nan ta daɗe da sanin launi. Marinar Ƙofar Mata a Kano da baba da toka take fitar da shuɗi. Dukawa da karan dafi suke rina fata ja, majema da bagaruwa suke jima. Magina sun san makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a shafe bango da ita. Almajiri ya san yadda ake haɗa tawada da gawayi da ƙaro, mai zayyanar allon sauka ya san inda zai samo ja da rawaya. Ga lalle, ga jar ƙasa, ga farar ƙasa. Ɗalibin da ya zana dutsen Kona da ƙasar da ya ɗebo a gindin dutsen ya yi aikin da ba za a iya kwaikwayonsa a wani wuri ba, ya kuma rage kashe kuɗi. Irin wannan ne masu sayen zane na waje ke nema, domin sun gaji da ganin kwafin abin da suke da shi a gida.

Madobiya

Dalilin da ya sa maganar nan ba ta jiran gobe shi ne abin da za a zana ɗin yana ƙarewa. Duk wanda ya bi hanyar Jalingo zuwa Bali a tsakiyar shekarun 2010 ya ga tirelolin gungume a Garba Chede da kewayenta. Itacen da 'yan katako ke kira Madrid shi ne madobiya, wadda kakanninmu suka sani tun fil azal. Itace ne mai jan ciki, mai nauyi, wanda masu ƙera kujeru da gadajen alfarma a ƙasar Sin ke biyan kuɗi mai yawa a kansa. Samari suka bar gona suka ɗauki injin yanka, kuɗi ya shigo ƙauyuka da sauri, ya kuma fita da sauri. A 2016 taron ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CITES ya sanya itacen cikin jerin waɗanda ba a cinikinsu tsakanin ƙasashe sai da izini. A 2017 ƙungiyar bincike ta EIA ta fitar da rahoto cewa gungume sama da miliyan 1.4 daga Najeriya, na kimanin dala miliyan 300, sun shiga Sin ta hanyar da ba ta dace ba. A 2018 aka dakatar da cinikin itacen daga Najeriya.

Waɗannan alƙaluma ne, kuma alƙaluma ba sa nuna wa mutum abin da aka rasa. Madobiya da rani take fure, lokacin da ta zubar da ganye, sai ka hango ta daga nesa rawaya zar a tsakiyar busasshen daji, ƙudan zuma na kai-kawo a kanta. Makiyayi ya san ta domin ganyenta ne ke riƙe shanu idan ciyawa ta ƙare. Jan ruwan da ke fita daga jikinta idan an sare ta ana rini da shi, ana magani da shi. Saiwarta tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Yaron da aka haifa a ƙasar Bali bayan wucewar tirelolin zai iya girma bai ga babbar madobiya tsaye cikin furenta ba. In akwai wanda ya zauna ya zana ta da kyau, da ganyenta da ɓawonta da 'ya'yanta masu fiffike da ƙaya a tsakiya, to aƙalla akwai shaida. Gani ya kori ji.

Haka batun ruwa. Mutanen Jalingo ba su manta da ambaliyar watan Agustan 2005 ba, wadda ta karya gadar Nukkai ta tafi da rayuka masu yawa. Tun daga lokacin garin sai faɗaɗa yake, gine-gine na matsawa bakin Lamurde da Mayo Gwoi, ana ɗibar yashi, ana sare itatuwan gaɓa. A can saman Mambila kuma ɗan kurmin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, yana nan tsakiyar makiyaya da sauran itatuwan tsauni da birai da tsuntsayen da ba a cika samunsu a wani wuri a ƙasar nan ba. Masu bincike ƙarƙashin jagorancin Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury da ke New Zealand sun daɗe suna aiki a wurin tare da mutanen ƙauyen, suna ƙirga itatuwa suna dasa sababbi.

Masu zane a wasu sassan ƙasar sun riga sun nuna yadda ake ɗaukar irin wannan batu. A shekarun 1980, bayan farin da ya addabi Sahel, Bruce Onobrakpeya ya yi jerin ayyuka a kan mutanen yankin da hamadar da ke matso su. El Anatsui, ɗan Gana da ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975, ya yi shekaru yana aiki da katako da injin yanka da wuta, kayan da ake cin daji da su, ya mai da su alƙalaminsa. Bright Ugochukwu Eke, wanda shi ma ya fito daga Nsukka, ya ɗaure gurɓataccen ruwa a ɗimbin ƙananan ledoji ya rataya su daga sama, domin mai kallo ya ji a jikinsa irin ruwan saman da ke sauka a yankin da ake haƙar mai. Dukansu a inuwar makaranta suka yi ƙarfi. Kututturan madobiya da aka bari a dazuzzukan Bali da Gassol kayan aiki ne da ke jiran irin wannan hannu.

Ɗaki ɗaya a Jalingo

Makarantun da za su ɗauki nauyin wannan suna nan. Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, a cikin Jalingo take. Ga Kwalejin Aikin Gona a garin, ga Kwalejin Ilimi a Zing, tsakiyar ƙasar Mumuye, inda ake horar da malaman da za su koma azuzuwan firamaren da muka ambata. Ga Jami'ar Tarayya a Wukari tun 2011. Ba sai an jira ginin bene da bikin yanke ƙyalle ba. Ɗaki ɗaya mai faɗi ya isa a fara, in rufinsa ba ya yoyo, bangonsa fari ne, iska na ratsa shi, rana kuma ba ta dukan ayyukan kai tsaye, domin tana cinye launi. Abokan gaba a nan su ne gara da laimar damina da ƙurar hunturu, kuma duk ana iya maganinsu da kulawa ta yau da kullum.

Abin da ya fi ginin muhimmanci shi ne mutum guda da aka ɗora wa alhakin ɗakin, da rajista. Duk aikin da ya shiga a rubuta sunan mai shi, da garinsu, da shekarar da ya yi shi, da abin da ya yi shi da shi, a ɗauki hotonsa. Rashin wannan ne ya sa mafi yawan sassaƙen Mumuye da ke Turai da Amurka ba a san sunan waɗanda suka yi su ba, sai dai a rubuta sunan ƙabila kawai. Idan an ɗauko ƙwaryar wata gwana daga ruga, sunanta ya hau bango daidai da na farfesa, in an sayar kuma kuɗinta ya isa hannunta.

Bayanin da za a liƙa kusa da kowane aiki ya kasance da Hausa da Turanci, sunan itace ko tsuntsu kuma a ƙara da Fulatanci da Mumuye da Jukun gwargwadon iko. Wannan kaɗai zai jawo dattawa, domin su ne suka san sunayen, kuma za su gyara wa ɗalibai kuskure. A buɗe ranar Asabar, a ware lokacin da matan aure za su zo cikin natsuwa, a aika wa shugabannin makarantun firamare da na Islamiyya na Barade da Turaki da Sarkin Dawaki da Kachalla Sembe takardar gayyata. Zauren da ke cikin harabar makaranta yana da saurin zama na 'yan boko zalla, in ba a fita an kira mutanen gari da baki ba. Masu zanen allunan shaguna da masu yi wa manyan motoci ado, waɗanda da yawansu sun iya zana zaki da dabino da tafki fiye da yadda ake zato, su ma a ba su bango.

Za a ce makarantun jiha na fama da albashi da kujerun zama, ina ake ta zane? Ƙorafin gaskiya ne. Sai dai kuɗin da wannan ke ci bai kai na taron yini ɗaya da ake yi a otal ba, kuma akwai masu hannu da shuni da ƙungiyoyin da aikinsu ya riga ya haɗa su da dajin. Tun 2017 gidauniyar Africa Nature Investors ta ƙulla yarjejeniya da hukumar kula da gandayen daji ta ƙasa domin tafiyar da Gashaka-Gumti tare, suna ɗaukar 'yan yankin aikin gadin daji. Masu wannan aiki suna bukatar mutanen Jalingo su san abin da ake karewa, domin mafi yawan mazauna babban birnin jihar ba su taɓa taka gandun ba. Abin da makaranta za ta nema a wurinsu ƙarami ne: mota ɗaya zuwa gandun da rani, lokacin da hanya ke biyuwa, masauki na mako biyu ga ɗalibai da malaminsu, da ma'aikacin daji da zai shige musu gaba. Abin da ɗaliban suka dawo da shi a cikin littattafan zanensu shi zai cika bangon baje kolin farko, a aika wa sashen zane na Samaru goron gayyata su turo malami ya duba aikin.